Tambaya da Amsa: An Ɗauke Wuta, Rauta Ta Manta da Saitinta

Wasiƙun da suka shigo mana wannan karon yawancinsu kuka ɗaya suke yi: an zauna an saita rauta, wato na'urar da ke raba intanet, intanet na gudu lafiya lau, wuta ta ɗauke, da ta dawo sai na'ura ta tashi kamar yau aka ciro ta daga kwali. Mun zaɓi guda shida. Ɗauke wuta shi kaɗai ba ya goge saitin da aka adana yadda ya kamata. Idan saiti ya ɓace, to ko dai ba a adana shi ba tun farko, ko an umarci na'urar ta yi biris da shi, ko kuma ma'adanarta ko wutar da ke shigarta na da matsala. Kowanne da alamarsa, kuma gara a gane wanne ne kafin a sake zama buga umarni daga farko.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da kwamfutocin wata makaranta. Na wuni ina saita Cisco 1941, adireshi da NAT da DHCP duk sun yi aiki. Da daddare aka ɗauke wuta. Da safe na haɗa wayar konsol, wadda ake saita rautar da ita daga kwamfuta, sai na tarar tana tambayata ko ina son fara saitin farko. Rautar ce ta lalace? Daga wani ma'aikaci, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rautarka lafiyarta ƙalau, ba ka dai adana aikinka ba ne.

Rautar Cisco saiti biyu take riƙewa. Akwai running-config, wanda take aiki da shi yanzu, yana zaune a cikin RAM. Akwai startup-config, wanda take karantawa idan ta tashi, yana cikin NVRAM, ma'adanar da ba ta buƙatar wuta. Na farkon kamar rubutun allo ne, ana gama karatu a wanke. Na biyun shi ne kundi. Duk umarnin da ka buga kan allo yake hawa, kuma yana fara aiki nan take, shi ya sa mutum ke sakankancewa cewa ya zauna. Ba ya shiga kundi sai ka kwafe shi da hannunka.

Ka shiga da enable har alamar # ta bayyana, sannan ka buga copy running-config startup-config. Za ta tambaye ka sunan fayil, tana nuna startup-config a matsayin zaɓinta. Danna Enter kawai. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: suna ɗauka tambayar e ko a'a ce, sai su buga y, rauta kuma ta adana saitin a wani fayil mai suna y wanda ba za ta taɓa dubawa ba idan ta tashi. Haka kuma idan ka yi kuskuren harafi a kalmar startup-config, za ta ɗauka sabon fayil kake so a cikin filash, ma'adanar da manhajar rautar ke zaune. A tsofaffin rautoci irin su 2500 da 2600 har tambaya take ko ta goge filash ɗin kafin ta kwafa, kuma wanda ya danna Enter da sauri ya goge IOS ɗinsa, wato manhajar da ke tafiyar da rautar, da hannunsa. Saboda haka muka fi son write memory, ko wr a taƙaice: aiki ɗaya suke yi, kuma ba ya tambayar suna. Idan kana cikin yanayin config, wanda ake shiga da configure terminal, sa do a gaba, wato do write memory.

Kada ka tashi sai ka ga ta rubuta Building configuration sannan OK. Bayan nan buga show startup-config ka ga da idonka cewa layukan da ka ƙara suna ciki. Idan agogon rautar a saite yake, saman show running-config na nuna lokaci biyu, lokacin da aka yi canji na ƙarshe da lokacin da aka adana na ƙarshe. In na farkon ya fi na biyun sabunta, akwai aikin da ke kan allo har yanzu.

Wani zai ce me ya hana su sa ta riƙa adanawa da kanta? Da gangan ne, kuma yana da amfani. Wanda ke saita rauta daga nesa yana iya buga umarni ɗaya da zai rufe wa kansa ƙofa. Tun da bai adana ba, a kashe a kunna kawai ta koma yadda take. Masu sana'ar ma kan buga reload in 10 kafin su taɓa abu mai haɗari; idan ta tambaya ko a adana, a ce a'a. In komai ya tafi daidai sai reload cancel, sannan write memory. In kuwa hanya ta yanke, bayan minti 10 rauta za ta tashi da tsohon saitinta ba tare da wani ya hau babur ya je wajen ba.

Tambaya: Malamai, ni dai na adana. Na buga write memory, na ga OK, har sau uku. Amma duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, sai in tarar da sunan Router da komai wayam. Rautar 2811 ce, ta hannu na saya a kasuwa. Daga mai shagon intanet, Kano.

Amsa: Kalmar "ta hannu" ita ce ta kusa ba da amsar. Kafin komai, ga gargaɗi: idan ta sake tashi wayam, kada ka buga write memory. Akwai yiwuwar saitinka yana nan daram a cikin NVRAM, kuma adanawa a wannan halin zai kwafe wofi ya shafe shi.

Buga show startup-config. Idan ka ga saitinka cikakke, matsalar a config register take. Wannan wata lamba ce da rauta ke dubawa tun kafin ta ɗora IOS, ita ke gaya mata yadda za ta tashi. Buga show version ka dubi layin ƙarshe. A yawancin rautocin Cisco lambar da ta dace ita ce 0x2102. Idan ka ga 0x2142, an gama bincike. Bambancin lambobin biyu 0x40 ne, wato bit na 6, kuma ma'anarsa guda ce: ki tashi, ki yi kamar babu komai a NVRAM.

Yadda lambar ke zuwa nan sananne ne. Mai sayar da kayan hannu ya karɓi rauta da kalmar sirrin tsohon mai ita, bai san ta ba. Sai ya katse ta tana tashi ya shiga ROMmon, ƙaramar manhajar da ke fara tayar da ita, ya buga confreg 0x2142 don ta tsallake tsohon saiti, ya shiga ya goge, ya manta bai mayar da lambar ba. Rauta na aiki, ana adanawa tana cewa OK, kuma gaskiya ta faɗa, ta adana. Karantawar ce aka hana ta.

Gyaran a jere yake, kada ka sauya jerin. Idan ta tambaye ka saitin farko ka ce no. Buga enable. Buga copy startup-config running-config, ka lura da kyau, daga startup zuwa running, kishiyar wanda ka saba. Sunan rautarka zai dawo a kan layi. Yanzu buga show ip interface brief. Za ka tarar da ƙofofin rautar, wato interface, a rufe, an rubuta administratively down, domin rautar da ta tashi wayam takan rufe dukkansu, kuma wannan kwafin haɗawa yake yi da abin da ya tarar, ba ya musanyawa. Shiga configure terminal, ka bi kowace ƙofa da kake amfani da ita ka buga no shutdown. Idan ka tsallake wannan ka adana, saitin zai zauna da ƙofofi a rufe, gobe ka tashi da sabuwar matsala. Sannan ka buga config-register 0x2102, ka fita da end, ka yi write memory. Sake duba show version: za ta ce lambar 0x2142 ce amma za ta zama 0x2102 a tashi na gaba. Haka ake so.

Kada ka jira a ɗauke wuta kafin ka san ko gyaran ya kama. Zaɓi lokacin da shago ba kowa, buga reload, ka zauna gaban konsol ka kalli tashinta har ƙarshe. Saitin konsol ɗin 9600, bit 8, babu fariti, sitof bit 1. Kuma kada ka yi wasa da wasu lambobin rajistar don gwaji, domin gudun konsol ɗin ma a cikinta yake. Lamba ɗaya ta karkace sai ka riƙa ganin tarkacen haruffa a allo.

Masu suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da yawa ta kebul, irin Catalyst 3850 da 9300 su sani cewa nasu ba ta wannan lambar ake yi ba. A can akwai SWITCH_IGNORE_STARTUP_CFG. Idan an bar shi a 1, cutar iri ɗaya ce. Ana cire shi da no system ignore startupconfig switch all, sannan a adana.

To idan show startup-config ya ce babu komai, ko ya yi ƙorafin checksum, wato abin da ke ciki ya gurɓace, alhali ka ga OK kafin a ɗauke wuta? Wannan ya koma kan NVRAM ɗin kansa. Wasu tsofaffin na'urori ƙaramin batir ne ke riƙe musu wannan ma'adana, kuma batir na mutuwa bayan shekaru. Gwada write erase, sake saitawa, adana, cire wuta na minti biyar, ka mayar. In ya sake ɓacewa, ajiye saitin a filash da copy running-config flash:saiti.cfg, kuma idan IOS ɗinka ya karɓi umarnin boot config ka nuna masa wannan fayil. Amma rautar da ta kai nan, a ganinmu, ta dace da ɗakin koyo, ba shagon da ake cin abinci da shi ba. Ka kuma dubi layin farko na show startup-config, inda take faɗin baiti nawa aka ci cikin nawa. Tsofaffin 2500 da 2600 NVRAM ɗinsu bai wuce 32KB ba. Saitin da ya fi ƙarfin wurin ba zai adanu ba sai an kunna service compress-config.

Tambaya: Saitina yana dawowa lafiya, amma agogon suwic ɗina 2960 kullum sai ya koma 1 ga Maris, 1993, kuma bayanan log sun tafi. Daga ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ba lalacewa ba ce. Agogo ba ya cikin saiti, kuma wannan suwic ɗin ba shi da batirin riƙe lokaci, don haka yake komawa ranar da aka dasa masa. Sa clock timezone WAT 1, sa ntp server da adireshin sabar lokaci, ka adana. Duk tashi zai nemo lokaci da kansa. Log ɗin show logging a RAM yake, yana tafiya da wuta. In kana son ya zauna, tura shi wata kwamfuta da logging host. Wani abu da zai amfane ka nan gaba: jerin VLAN, wato rukunan da ake raba suwic ɗaya zuwa gare su, na yau da kullum, 1 zuwa 1005, a fayil ɗin vlan.dat cikin filash yake zama. Shi ya sa write erase ba ya goge su, kuma shi ya sa wanda ya kwafi startup-config kaɗai zuwa sabon suwic kan tarar VLAN ɗinsa ba su biyo shi ba.

Tambaya: Ina sayar da tikitin waifai da MikroTik hAP lite. An ce min ita ba a mata save. To me ya sa wasu canje-canjen da na yi a Winbox suka ɓace bayan ɗauke wuta, har da bakof ɗin da na ajiye a cikinta? Daga wani matashi, Maraɗi.

Amsa: Gaskiya aka gaya maka, RouterOS, manhajar MikroTik, na rubuta canji a ma'adana da zarar ka danna OK ko Apply. Amma akwai ramuka uku.

Na farko Safe Mode. Maɓalli ne a saman Winbox, manhajar da ake saita MikroTik da ita daga kwamfuta, kuma idan a danne yake, duk abin da ka yi na wucin gadi ne har sai ka sake danna shi ka fita da kanka. Idan wuta ta kashe kwamfutarka ko suwic ɗin da ke tsakaninku, rauta za ta ga hanya ta yanke ba sallama, bayan kamar minti 9 ta warware duk abin da ka yi. Aikinsa ke nan, daidai da reload in 10 na Cisco.

Na biyu cikar wuri, kuma shi muka fi zargi a wajenka. Filash ɗin hAP lite 16MB ne kacal, manhajar kanta ta cinye mafi yawansa. Ka ɗora masa dubban tikiti, da shafin shiga mai hotuna, da log da ake rubutawa a disk, sai wuri ya ƙare. Daga nan canji na aiki muddin akwai wuta, amma babu inda za a rubuta shi. Buga /system resource print ka dubi free-hdd-space. Idan ya kusa sifili, goge tsofaffin tikiti da fayilolin da ba ka buƙata, ka mayar da log zuwa memory ko wata kwamfuta.

Na uku shi ne ya ci bakof ɗinka. Buɗe Files. Idan ka ga wata jaka mai suna flash, to duk fayil ɗin da ke wajenta a RAM yake zaune, kuma yana ɓacewa da tashi. Ajiye a cikinta, misali /system backup save name=flash/ajiya, amma mafi muhimmanci ka jawo fayil ɗin zuwa kwamfutarka nan take. Ka riƙa ɗaukar iri biyu. Backup hoton na'urar ne baki ɗaya, har da adireshin MAC, an yi shi don a mayar wa ita wannan rautar. /export file=saiti kuwa rubutu ne da za ka iya buɗewa ka karanta, ka gyara, ka zuba a wata rautar daban. A RouterOS 7 yana ɓoye kalmomin sirri sai ka ƙara show-sensitive, kuma ko da shi ba ya ɗauke da kalmar sirrin masu shiga rautar kanta. Kunna NTP client ma, mai nemo lokaci daga saba, tun da ƙananan MikroTik ba su da batirin agogo, kai kuwa lissafin tikitinka da lokaci yake tafiya.

Tun da mun zo nan, kowane kamfani da al'adarsa, kuma mai sauya hannu daga wannan zuwa wancan shi ya fi faɗawa. Rautocin Huawei na ofis suna son save, kamar Cisco. A Juniper canji ba ya ma fara aiki sai an yi commit, amma da an yi shi ya zauna. EdgeRouter na Ubiquiti, in ta layin umarni ne, biyu yake so: commit ya fara aiki, save ya zauna. A OpenWrt uci commit ne, ko Save & Apply a shafin burauza.

Tambaya: Ni ban san waɗannan umarnin naku ba. 'Yar ƙaramar rauta ce a gidana mai eriya biyu. Yarona ya sa mata suna da kalmar sirri, amma sau uku ke nan bayan wuta ta yi ta rawa sai sunan ya koma na kamfani, 'ya'yan maƙwabta su hau. Daga wata uwa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, taki ba ta buƙatar umarni. Irin waɗannan suna adanawa ne idan an danna Save a shafin saitinsu. Ki ce wa yaron ya sake saitawa, ya danna Save, ya jira minti biyu, sannan ya zare wuta da hannunsa ya mayar. Idan sunan ya tsaya, adanawa na aiki, kuma abin da ke goge shi daga waje yake zuwa.

Fara da adafta, wato cajar da ke kai mata wuta. Juya rautar ki karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, galibi 9V 0.6A ko 12V 1A, ki gwada da na jikin adaftar. Lambar V dole ta zama ɗaya daidai. Lambar A ta adafta na iya fin ta rauta, amma kada ta gaza. A gidaje da yawa adaftar asali ta ƙone tuntuni an maye gurbinta da ta dikoda ko ta wata fitila don kawai bakin ya shiga. Ko ta asalin ce ma, zafi na busar da kafasitocin cikinta bayan 'yan shekaru. Fitilun rauta za su kama, amma da ta ja wuta da ƙarfi sai ta nutse ta sake tashi. Idan hakan ya faɗo daidai lokacin da take rubutu a ma'adanarta, rubutun ya lalace, ita kuma in ta tashi ta ga saitin bai karantu ba sai ta ɗauko na kamfani. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa sau biyar cikin minti ɗaya ta fi ɗaukewa gaba ɗaya illa saboda wannan dalilin. Idan kin ga wuta na rawa, zare rautar har ta daidaita.

Sai maɓallin Reset, ɗan ramin nan na baya. A wasu rautocin maɓalli ɗaya ne da WPS, na haɗa waifai ba tare da buga kalmar sirri ba, a fili yake, danna shi na daƙiƙa kamar goma yana goge komai. Yaro mai wasa, ko rauta da aka jingina da bango, ko ƙura da laima da suka sa ya maƙale, duk suna jawo haka. A taɓa shi da tsinke a ji ko yana yin ƙas yana dawowa.

Idan kamfanin intanet ne ya ba ki rautar, suna iya turo mata saiti daga can, ya hau kan naki. Kira su ki tambaya. In kuwa an sauya adafta, maɓalli lafiya, amma gwajin zare wuta da hannu ma yana goge sunan, ma'adanar ta gaji, sabuwar rauta ta fi gyara araha. Kafin nan yaron ya nemi Backup & Restore a shafin saiti, a TP-Link yana ƙarƙashin System Tools, ya sauke fayil ɗin ya ajiye a waya. Ranar da ta manta, minti biyu ya isa a mayar.

Tambaya: Ofishinmu na sauyawa tsakanin wutar gari da janareto sau da yawa a rana. Wane irin batir zan sa wa rauta, kuma ta yaya zan ajiye saitin a waje? Daga jami'in kwamfuta, Jos.

Amsa: Yallaɓai, lissafin wat ne. Ƙaramar rauta mai adaftar 12V 1A iyakarta wat 12, a zahiri takan ci tsakanin 5 da 8. Ƙaramin UPS na DC da aka rubuta wa 10,400mAh, wannan lambar a kan 3.7V na ƙwayoyin batirin aka auna ta, ba 12V ba. Ninka 10.4 da 3.7, ka sami kusan 38Wh. Cire kamar kashi 15 cikin 100 da ke tafiya wajen ɗaga wutar, saura 32. Raba da wat 8, awa 4 ke nan. In ka haɗa rauta da modem ɗin faiba, awa 2 zuwa 3. Duba abu uku kafin ka saya: ƙarfin V na ƙofar fita, girman bakin, wanda galibi 5.5 da 2.1mm ne, da kuma cewa tsakiyar bakin ita ce fozitif kamar yadda zanen jikin rauta ya nuna. Rediyon da ke kan rufi mai cin wuta ta kebul ɗin intanet, wato PoE, shi ma a kula: yawancin ƙananan Ubiquiti 24V suke ci, PoE na ƙa'idar 802.3af kuwa 48V ne.

Rautar ofis mai shan wutar soket kai tsaye UPS na AC take so. Na 650VA yawanci batir ɗaya ne a ciki, 12V 7Ah, 84Wh a takarda, kuma kada ka sa ran samun fiye da rabi idan kana son batirin ya yi ƙarko. Wannan ya wadatar a tsallake mintunan tayar da janareto, wanda shi ne ainihin buƙatarka. Kada a jona masa firinta ko fanka. Wasu ƙananan UPS kan kashe kansu idan kayan da ke kansu ba su da nauyi, suna ɗauka ba komai a jone. Wasu kuma ba sa amincewa da wutar ƙaramin janareto, sai su yi ta kuka suna cin batir alhali inji na aiki. Gwada duka biyun kafin ka dogara da shi. A zafin ƙasar nan batirin gubar UPS na saurin mutuwa, don haka duk bayan wata uku zare shi daga bango ka ga minti nawa zai riƙe.

Lokuta biyu ne ɗauke wuta ke iya yin ɓarna ta gaske: daƙiƙun da rauta ke rubuta Building configuration, da lokacin sabunta manhajarta. Na biyun ya fi muni, domin ana iya tashi a ROMmon babu IOS. Kada a fara shi sai a kan cikakken batir.

Ajiya a waje kuwa, hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar komai sai PuTTY: kunna logging a cikinsa, buga terminal length 0, sannan show running-config, duk rubutun zai sauka a fayil. Mai sabar TFTP, wato kwamfutar da ke karɓar fayil daga rauta, ko da Tftpd64 ne a laftof, ya buga copy running-config tftp: ya ba da adireshi da suna. TFTP ba ya ɓoye komai, a cikin ofis kaɗai ake amfani da shi, kuma fayil ɗin na ɗauke da sirrin gidanku, kada ya kwana a guruf ɗin WhatsApp. Don kada a dogara da tunanin mutum, shiga configure terminal, buga archive, sannan path tftp://adireshin-saba/$h-, sannan write-memory, sannan time-period 1440. Daga nan duk sanda wani ya adana, kwafi zai tafi saba, haka kuma sau ɗaya kowace awa 24. Ka lura wannan kwafi yake turawa waje, ba ya adana running-config a NVRAM a madadinka.

Ranar mayarwa, copy tftp: running-config haɗawa yake yi da abin da ke ciki, tsofaffin layuka ba sa fita. In kana son saitin ya koma daidai yadda yake a fayil, kwafe shi zuwa startup-config ka yi reload, ka ce a'a idan ta tambayi adanawa, ko ka yi amfani da configure replace. Makullan SSH, hanyar shiga rauta daga nesa a ɓoye, ba sa fitowa a show running-config, saboda haka idan sabuwar rauta ka zuba wa fayil ɗin, sai ka sake buga crypto key generate rsa modulus 2048 ta konsol kafin ka bar wajen, in ba haka ba ba za ka iya shigarta ta SSH daga nesa ba.